Shuɗin Layi ko Jirgin A? Yadda Suna Ke Tona Asirin Baƙo

A littattafanmu ba ma gajiya da tura taurarinmu ƙasashen waje, wannan karatu a Landan, wancan kasuwanci a Amurka. Sai dai ɗan shekara goma a can da wanda ya sauka jiya, duk baki ɗaya muke ba su. Alhali akwai ƙaramin abin da ke raba su tun a jimla ta farko, wato yadda suke kiran layukan jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Mu ɗauki New York. Baƙo idan ya buɗe taswira launuka yake gani, sai ya tambayi ina shuɗin layi yake. Ɗan gari ba ya faɗin haka. Shi da harafi ko lamba yake kira, ya ce jirgin A ko jirgin 6. Kuma yana da hujja, domin jirage uku ne ke da shuɗin launi: A da C da E. A tsakiyar Manhattan kawai suke tafiya tare, daga nan kowa ya kama gabansa, E ma ya yi gabas zuwa Queens. Ko A da C da ke bin hanya ɗaya zuwa arewa, tsayawarsu ta bambanta. Da rana, A idan ya bar titi na 59 ba ya tsayawa sai titi na 125, cikin Harlem. Wanda ya nufi titi na 81, ya faɗa A don ya ga shuɗi, yana ji yana gani za a wuce da shi. Ga babi guda nan kyauta, ga wanda ya iya.

Akwai kuma tsofaffin gari, masu cewa IRT ko BMT. Waɗannan kamfanoni ne da suka riƙe layukan kafin hukumar birnin ta karɓe su a 1940. Kamfanin ya mutu, sunan ya ƙi mutuwa. Dattijon da ya furta shi ya gaya mana shekarunsa da asalinsa ba tare da mun ɓata sakin layi muna bayani ba.

A kula, ba ko'ina haka take ba. A Washington da Boston launin shi ne sunan layi, ɗan gari ma ja ko kore yake cewa. A Landan sunaye ne, irin su Piccadilly da Bakerloo. Don haka a bincika gari kafin a sa wa mutum magana a baki.

Misalin da ya fi kusa da mu yana Alƙahira, inda ɗalibanmu na Azhar ke shiga jirgin kullum. Tashar da ke dandalin Ramsis sunan Mubarak take ɗauke da shi har 2011, bayan juyin juya hali aka mayar da ita Shuhada. Malamin da ya gama karatu a 2005, ya koma ziyara yana tambayar tashar Mubarak, da ɗalibin da bai taɓa sanin wannan sunan ba, ai hirarsu kaɗai labari ce.

Wani zai ce mai karatu a Funtuwa ina ruwansa da jirgin A. Gaskiya ne, ba zai haddace taswira ba. Amma ya san dariyar da ake yi wa baƙon da ya tare ɗan sahu yana karanto masa sunan titi daga waya, bayan kowa da sunan kwana ko kasuwa ya san wurin. Wannan kunyar ita zai gane, ko da a wane gari aka yi ta.

Aikin wannan makon: tattaunawa ta layi goma tsakanin sabon zuwa da tsohon zama a bakin tasha, ba tare da an faɗi wane ne wane ba.