Wasan Laraba da Masu Tambayar "Ina Taku Ƙungiyar?"

Ya 'yan'uwa mazauna Doka da ƙauyukan da ke kan hanyar Galabat, ranar Laraba, 24 ga Disamba 2025, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasarmu za ta kara da Aljeriya a Rabat, a wasanta na farko na gasar cin kofin Afirka. Duk wanda ya ratsa kasuwa ko ya zauna wurin mai shayi a makon nan ya ji yadda samarinmu suka duƙufa kan lissafi: wa zai tsare gida, mutum nawa za a jera a baya, wa za a bari shi kaɗai a gaba. Ana cikin girbin dawa, hannu na aiki, baki na tsara 'yan wasa. Amma a gefen wannan ɗoki akwai wata tambaya da ake jefa wa yaranmu duk lokacin da irin wannan rana ta gabato, wani lokaci cikin raha, wani lokaci da ƙaya a ciki: "Ku fa, yaushe taku ƙungiyar za ta buga?" Ana nufin Najeriya, wadda za ta kara da Tanzaniya a Fas ranar Talata. A kan wannan tambaya nake rubutu, da kuma a kan waɗansu daga cikinmu da suke amsa ta da abin da mai tambayar yake son ji.

Bari in fara da hujjar da ba a iya musunta ta, wato abin da ido ya gani. A ranar 14 ga Nuwamba 2024, Nijar ta doke Sudan da ci 4 da nema a Lome. Nijar fa, ƙasar da Hausa ta fi kowane harshe masu magana a cikinta, ƙasar Maraɗi da Damagaram, inda kakannin da yawa daga cikinmu suka fito. Da a ce jini ne yake zaɓa wa mutum ƙungiya, da an kwana ana kiɗa a unguwanninmu. To, ba a yi ba. Samarinmu sun fito daga gidajen kallo kai a sunkuye, suna lissafin abin da ya rage, domin tikitin Maroko ya fara suɓucewa. Bayan kwana huɗu aka tashi canjaras da Angola a Bengazi, Sudan ta ƙare da maki 8, Nijar na biye da 7, aka wuce da ƙyar. Haka nan ranar 12 ga Agusta 2025, da Sudan ta zuba wa Najeriya huɗu a Zanzibar a gasar 'yan wasan cikin gida, ihun da aka yi a Doka da Hausa aka yi rabinsa. Mai tambaya bai zo ya tambaya ba a waɗannan ranaku biyu, domin amsar ba ta yi masa daɗi.

Ba na ɗaukar wannan tambaya wasa, kuma ina da dalili. A Yulin 2022, da jini ya zuba a jihar Nilul Azraƙ, a Rusayris da kewayenta, bayan jayayya kan ƙasa da kan haƙƙin Hausawa na samun sarautar gargajiya tasu, kalmar da aka fi maimaitawa ita ce "baƙi". Hausawa sun fita tituna a Kasala da Gadarif da Khartum saboda wannan kalma. Tambayar gidan kallo ƙanwar waccan kalma ce, ta sa rigar ƙwallo kawai. Wanda ya saba ce maka ƙungiyarka tana Fas, ba zai ji nauyin ce maka gonarka tana Kano ba. Alhali kuwa garin Mai Wurno yana tsaye a bakin kogi fiye da shekara ɗari, tun bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma mahajjatanmu sun riga wannan ƙaura sanin hanyar gabas. Ƙungiyar Hilal a 1930 aka kafa ta. Akwai gidaje a cikinmu da suka girme ta a wannan ƙasa.

Sai kuma namu, kuma a nan ne alƙalamina zai ɗan yi kaifi. Akwai samari, ba su da yawa amma muryarsu tana da ƙarfi a Facebook, waɗanda suke ganin burgewa ce su sa kore da fari ranar wasan Sudan, su ce tun da an ce mu baƙi ne, to mu zama baƙin. Na fahimci zafin da ya haifi wannan magana. Amma fushi da kaza ba ya sa a ƙone rumbu. Yaron da bai taɓa ganin Kano ba, wanda a Doka aka binne cibiyarsa, wanda lambarsa ta ɗan ƙasa ta Sudan ce, idan ya ɗauko tutar wata ƙasa don ya ɓata wa maƙwabcinsa rai, ya sa hannu ne a takardar da ake son ya sa wa hannu tun da daɗewa. Son Ahmad Musa ba laifi ba ne. Wa ya manta da ƙwallo biyun da ya ci Ajantina a 2014, da biyun da ya ci Ayislan a 2018? Ku kalli Najeriya ranar Talata, ku yi mata fatan alheri kamar yadda ake yi wa dangin uwa. Dangantakar ƙwallo tsakanin ƙasashen biyu ma tsohuwa ce: Bendel United ta Najeriya Marikh ta doke ta ɗauki kofin Afirka na masu kofuna a 1989, kuma ɗan Najeriya Endurance Idahor da rigar Marikh a jikinsa ya faɗi a fili ya rasu a Maris 2010, mutanen Omdurman suka yi kukansa kamar ɗansu. Duk wannan zumunci ne. Amma gidan dangi daban, gidan da mutum yake kwana daban.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda mai tambayar ba ya sauraren hirar da yaran suke yi kafin ya jefa tambayarsa. Da ya saurara, da ya ji magana irin ta 'yan gida, ta mutanen da suka san lahanin ƙungiyarsu kamar yadda manomi ya san inda ruwa yake kwanciya a gonarsa. Sun san cewa a wasanni shida na neman gurbi ƙwallo huɗu kacal Sudan ta ci, kuma a wasanni huɗu daga ciki ba a taɓa ragarta ba. Wato ƙarfin wannan ƙungiya a bayanta yake. Kwesi Appiah, mai horarwa ɗan Gana, wanda ya san ƙwallon ƙasar nan tun zamansa da ƙungiyar Khartum al-Watani, ya gina ta a kan haƙuri: a toshe tsakiya, a bar wa abokin karawa ƙwallo a inda ba ta cutarwa, idan an ƙwace a tura da sauri. Da haka aka riƙe Gana babu ci a Akara, inda mai tsaron gida Muhammad Mustafa ya yi aikin mutum uku; da haka aka ci ta biyu a Bengazi ranar 15 ga Oktoba 2024, ta ƙafar Ahmad al-Tash da Muhammad Abdurrahman, ƙwallayen biyu kusan a jere. Gana ta rasa zuwa gasar a karon farko tun 2004, kuma ɗanta ne ya rufe mata ƙofa.

Ga nawa ra'ayin a kan jayayyar da ake yi a rumfunan shayi, tun da na shiga maganar. Masu cewa a fito wa Aljeriya gaba da gaba saboda mun fitar da ita da bugun fenariti a Agusta suna yaudarar kansu. Waccan Aljeriyar ta 'yan wasan cikin gida ce. Wannan kuwa ta Riyad Mahrez ce da abokansa masu buga wa ƙungiyoyin waje, kuma tana zuwa da haushin fita tun zagayen farko a gasa biyu a jere bayan kofin da ta ɗauka a 2019. Mu kuwa kusan ƙungiya ɗaya ce a can da nan, domin ƙashin bayanta 'yan Hilal ne da Marikh. Wannan yana da amfani, sun san juna; yana kuma da iyaka, ba mu da wata runduna a ɓoye da za a fito da ita. Abin da ake nema ranar Laraba shi ne rabin sa'ar farko ta wuce ba a ci mu ba. Darasin Lome ke nan: wannan ƙungiya idan aka riga ta ci, ta buɗe baya tana neman ramawa, sai ta zama gida marar katanga. Canjaras riba ce babba. Ko faɗuwa da ci ɗaya ba asara ba ce da za a yi wa zaman makoki, domin cikin ƙungiyoyi shida da za su zo na uku a rukuninsu, huɗu za su wuce, kuma bambancin ƙwallaye yana raba gardama. Kwaddibuwa da maki uku ta tsallake a gasar da ta gabata, ta je ta ɗauki kofin.

Wasan da zai yanke hukunci shi ne na Lahadi, 28 ga wata, da Ikwatoriyal Gini a Kasabalanka. Kada ƙanƙantar ƙasar ta ruɗi kowa: ita ce ta tsayar da Aljeriya bayan wasanni 35 ba a doke ta ba, ita ce kuma ta ci Kwaddibuwa huɗu a Abijan a Janairun 2024. Sai Burkina Faso ranar 31, wadda muka doke a wannan gasa a 2012, da ƙwallo biyu na Mudassir Karika. Kafin wannan nasara kuwa sai an koma 1970, shekarar da aka ɗauki kofin a Khartum bayan cin Gana ɗaya da nema. Wannan shi ne girman yunwar da muke ciki, mu da muka karɓi baƙuncin gasar farko a 1957.

Na san akwai dattawa, waɗanda nake girmama furfurarsu, da suke cewa ba ya dacewa a yi ɗokin ƙwallo alhali ƙasa tana cikin yaƙi tun 15 ga Afrilu 2023, makarantu sun zama masaukin 'yan gudun hijira, kuma kusan kowane gida yana da wanda ya rasa. Maganarsu tana da gaskiya a wuri biyu: idan caca ta shiga, ko aka bar salla don allo, to wasa ya zama ɓarna, kuma masu gidajen kallo su ne za a fara tambaya. Bayan wannan, ina roƙon su dubi su wane ne za su fito fili ranar Laraba. 'Yan gudun hijira ne kamar baƙin da muka sauka daga Madani da Sinja. Wasanninsu na gida a Libiya da Juba suka buga su. Hilal da Marikh sun yi kaka guda a gasar Muritaniya, inda Hilal ta ƙare a saman teburi, a 2025 kuma suka koma gasar Ruwanda. Gidan kallo yana cikin 'yan wuraren da suka rage inda Bahaushe da Balarabe da ɗan Masalit da ɗan Bani Amir suke zama a benci ɗaya suna jin tsoron abu ɗaya. Dattijon da ya hana ɗansa wannan benci ya bar wurin ga mai tambayar nan, ya ce ga shi, ai dama ba sa zuwa.

Don haka abin da nake nema ƙarami ne. Masu gidajen kallo su tanadi man janareta tun ranar Talata, kada wuta ta yanke a tsakiyar wasa a fara neman wanda za a zaga. Idan lokacin salla ya riski wasa, a tashi. Samarinmu su zo da wuri su zauna a gaba, su yi gardamarsu ta 'yan baya huɗu ko biyar da Hausa da Larabci kamar yadda suka saba. Wanda aka tambaya yaushe ƙungiyarsa za ta buga, ya nuna allo ya ce yanzu za a busa. Ni dai ina tare da masu cewa a jera biyar a tsakiya, a bar Muhammad Abdurrahman shi kaɗai a gaba, a kuma ajiye masu gudu a benci har sai ƙafafun Aljeriya sun yi nauyi bayan minti sittin.