Zoben Yaƙutu a Baiko: Kyauta Ce ko Sharaɗi?

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, tambaya ta yawaita gare mu game da zoben baiko, musamman mai jan yaƙutu, wanda wasu samari ke cin bashi don su saya.

Da farko, yaƙutu ba abin ƙyama ba ne. Allah Ya ambace shi a Suratur Rahman, aya ta 58, wajen siffanta matan Aljanna, kuma Al-Biruni ya buɗe bayanin duwatsu masu daraja da shi a littafinsa Al-Jamahir. Idan miji ya bai wa matarsa zoben zinare mai yaƙutu, kyauta ce halattacciya, kuma ya halatta ya zama sadaki. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'ad cewa Annabi (SAW) ya umurci wani sahabi matalauci ya nemo ko da zoben ƙarfe ne ya bayar. Ashe zoben nan sauƙaƙawa ya zo yi, mu kuma mun mayar da shi tsanani.

Abin da muke ƙi abu uku ne. Na ɗaya, ango ya sa zinare, alhali an haramta shi ga maza. Azurfa ce Annabi (SAW) ya yi zobe da ita. Na biyu, saurayi ya kama hannun budurwa ya zura mata zobe a gaban taro tun ba a ɗaura aure ba. Na uku, ƙudurce cewa zobe ne ke riƙe soyayya, cire shi kuma mugun alkaba'i ne. Wannan camfi ne, asalinsa tsohon zancen Turawa cewa wata jijiya ta tashi daga ɗan yatsa zuwa zuciya.

Wanda kuwa yake da hali ya yi nufin saye, to, ya saya da ilmi. Yaƙutu na biye da lu'ulu'un daimon wajen tauri: shi 9, daimon 10 a ma'aunin Mohs. Amma tun 1902 Bafaranshe Verneuil ya bayyana hanyar ƙera shi a masana'anta, akwai kuma wanda ake cike tsagoginsa da gilashi. Ido kaɗai ba ya rarrabewa, saboda haka a nemi takardar shaida daga ɗakin gwaji. Mai sayarwa kuma ya sani ɓoye aibi algus ne.

A kuma tambayi asalinsa. Mafi shahara shi ne na Mogok a Myanmar, ƙasar da sojojinta suka kori Musulmin Rohingya fiye da 700,000 zuwa Bangaladash a 2017, kuma a 2021 Amurka ta sanya wa kamfanin duwatsun gwamnatin sojan takunkumi. Ga na Montepuez a Mozambik, wanda aka gano a 2009. Musulmi ya dubi aljihun da kuɗinsa zai faɗa.

Ya ku iyaye, kada ku ƙara wa lefe wani nauyi. Sadaki haƙƙin 'yarku ne. Zobe kuwa in ya zo alheri, in bai zo ba aure bai tawaya ba. Allah Ya sa mu dace, amin.