Wa Zai Gaji 'Yan Matanmu?

Ya ku talakawa da 'yan kasuwa! 'Yan matan Nijeriya sun ci kofin ƙwallon kwando na Afirka sau biyar a jere, daga 2017 zuwa 2025, manya sai tafi suke yi. To, Senegal ta ci shi sau 11, amma rabonta da shi tun 2015. Gwani yakan tsufa, kuma da yawa cikin namu a Amurka aka horar da su. Mahukuntan da suka jawo muka rasa gasar duniya ta 2022, wace yarinya suka koya wa wasa a Karakkai? Muna biyan haraji, muna neman filaye da malamai a makarantun 'yan mata na Bunguɗu, Tsafe da Gusau. Ba a fafe gora ranar tafiya!