Satiru da takardun da gara ke ci

Jama'a, a shekarun 1980 'yan adawar Polan sun riƙa buga kan sarki a ɓoye, ɗauke da kisan Katyn na 1940 da gwamnatin kwaminis ta hana a faɗi gaskiyarsa. Yau takardun nan suna gidajen tarihi.

Mu fa? Turawa sun ci Sakkwato a Maris 1903, sun ƙone Satiru a 1906. Giginya kowa na faɗi, Satiru kuwa shiru, ni a ganina don da hannun sarauta ciki. Waƙoƙin ajami da malamai suka rubuta kan zuwan Nasara suna gafaka a zaurukanmu, gara na ci. Don Allah mai irinsu ya ɗauka da waya, ya kai kwafi Gidan Tarihin Waziri Junaidu.