Maganin halal: Ina haƙƙin majinyaci Musulmi?

A Gagarawa Tasha da sauran garuruwan masarautar Gumel, mutane da dama kan sayi ƙwayoyi ne ɗaiɗai a kemis, babu kwali, balle takardar bayanin abin da aka haɗa maganin da shi.

Ɓawon kafso da yawa dai ana yin sa ne da sinadarin jelatin, wanda ake samu daga fata ko ƙashin saniya ko alade. Ita ma heparin, allurar hana daskarewar jini, galibi daga hanjin alade ake tace ta.

Dokar Lafiya ta Najeriya ta 2014 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya bayyana wa majinyaci hanyoyin maganin da ake da su, da kuma 'yancinsa na ƙin karɓa. Sai dai wannan 'yanci ba zai amfani wanda bai san abin da ke cikin maganin ba.

A ɓangaren malamai, wani taron fuƙaha'u da likitoci da aka yi a Kuwait a 1995 ya halatta jelatin, bisa hujjar cewa sarrafawa ta sauya asalinsa. Wasu malaman ba su gamsu ba. A 2018 Majalisar Malaman Indonesiya ta ce an yi amfani da sinadarin alade wajen haɗa rigakafin ƙyanda, amma ta amince da shi saboda larura.

Arewacin Najeriya ya riga ya ga illar rashin yarda. Bayan gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi kan yara a Kano a 1996, zargi ya yi ƙarfi. A 2003 jihar ta dakatar da rigakafin shan inna, kuma ba ta ci gaba ba sai a Yulin 2004, bayan samo shi daga Indonesiya. A tsakanin haka cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama.

Malesiya ta fitar da ma'aunin maganin halal tun 2012. A yankin Gumel, abin da zai fi saurin amfani shi ne mai ba da magani ya faɗi tushensa da Hausa, ya ba da madadi idan akwai. In kuwa babu, to barin magani ya fi haɗari, musamman ga mai cutar da ke barazana ga rai.