Littattafai a Kanta, Ceto a Kasuwa

Na daɗe da wata ɗabi'a da nake ɗauka ibada ce: duk sa'ad da na je Jos, ba na komowa Tambuwal sai da sabon littafin tauhidi a jaka. Kantata ta cika da muhawarar malamai a kan ceto. Yau ƙarar wannan ɗabi'a na kawo, tawa da ta 'yan'uwana masu karatu.

Bara, bayan sujada a wata ƙaramar majami'a ta wajen Kebbe, wata tsohuwa ta tare ni. Ta ce, "Malam, ɗana, wani baƙon mai wa'azi ya ce duk wanda bai kawo zakka ba, ƙofar sama a rufe take gare shi. Ni kuwa gerona bai yi ba. Ina makomata?" Na buɗe baki, sai na tarar amsar da ke cikina duk da Turanci take. Na ce, "Inna, Allah mai jinƙai ne," na wuce da kunya.

Tambayarta tsohuwa ce, amsarta kuma tana kan kantata. A farkon ƙarni na biyar Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya yi jayayya da Felajiyus a kan ko mutum na iya kai kansa ga Allah da ƙoƙarinsa. Majalisar Kartaj ta 418 ta ƙi koyarwar Felajiyus. A 1517 Martin Luther ya tashi a Jamus domin ana karɓar kuɗin talakawa a ba su takardun sassaucin hukunci. A 1999 kuma, a birnin Augsburg, Katolika da mabiya Luther suka sa hannu a kan cewa da alherin Allah ake karɓar mai zunubi, ba don cancantarsa ba, kyawawan ayyuka kuwa 'ya'yan wannan alheri ne. Duk wannan na sani. Amma sanin da ya kasa fita ƙofar ɗaki, mene ne bambancinsa da hatsin da ƙwari suka cinye a rumbu?

Aikin da muka gudu daga gare shi na harshe ne. Tun 1932 akwai cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, bayan wahalar da Likita Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha. Kalmar da muke karantawa a Wasiƙar Afisawa ita ce "alheri". To, Bahaushe ya ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. A kunnen macen da ta saba da gudummawar biki, alheri abu ne da ake ramawa: ka kawo mini yau, in kai maka gobe har da ƙari. Idan ba a zauna an warware mata cewa alherin Allah ba biki ba ne, ba kuma adashi ba, mai wa'azin da ke neman kuɗinta ya riga ya sami ƙofa a buɗe.

Za a ce mini karatu mai zurfi wajibi ne, kuma yawancin littattafan da Turanci aka rubuta su. Gaskiya ne, ban ce a daina saye ba. Sai dai mu dubi maƙwabtanmu. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta san Larabci ƙwarai, amma ta zuba ilimi a waƙoƙin Hausa da Fulatanci, jajis-jajis na 'Yan Taru suka kai shi ga matan ƙauye. Ita ta san cewa malami bai gama karatu ba sai jahili ya gane.

Saboda haka na ɗaura wa kaina doka, ina kuma kiran kowane fasto da dattijon ikilisiya gare ta: kada a sayi sabon littafi sai an mai da tsohon Hausar da manomi zai riƙe. Ni dai ina da bashi a Kebbe. Ranar Lahadi zan koma in gaya wa Inna cewa ko damin gero ɗaya ba a biɗa daga gare ta ba.