Sanyin da ake sayar wa masu ƙananan jiragen ruwa, da lissafin da ake ɓoye musu

Duk shekara idan bazara ta kama a gaɓar Fulorida, ko a tsibiran Karebiyan, ko a bakin Bahar Rum, masu ƙananan jiragen ruwa masu filafilai, wato waɗanda iska ke turawa, sukan shiga neman abu guda: na'urar da za ta sanyaya musu ɗakin kwanan da ke cikin jirgi. Kukan nasu yana da dalili. Jirgi mai tsawon mita 8 ko 9 akwati ne na faibagilas wanda rana ke gasawa tun hantsi, ga danshin teku da ke hana gumi bushewa. 'Yan kasuwa sun ji kukan, sun kuma amsa da na'urori iri-iri. Abin da ba sa son a tsaya a kansa shi ne cewa ƙaramin jirgin da ya rabu da wutar gaɓa ba shi da ƙarfin lantarkin da zai ɗauki iyakwandishan, kuma yawancin dabarun cike wannan giɓi ko dai asarar kuɗi ne ko kasada da rai.

Lissafin a fili yake. Ana auna ƙarfin sanyayawa da ma'aunin BTU, kuma mafi ƙanƙantar na'urar taga da aka saba gani ita ce mai BTU 5,000 a awa, wadda ke jan wuta kimanin wat 500. Batiran jirgi kuwa masu bolt 12 ne, saboda haka wat 500 ɗin nan ya haura amfiya 40, ban da abin da inbata ke ci wajen juya wutar. Ƙaramin jirgi ya kan ɗauki batir biyu na darma masu ɗaukar amfiya-awa 100 kowanne, kuma duk wanda ya taɓa haɗa inbata a gidansa ya san cewa irin wannan batir rabinsa kawai ake sha idan ana son ya yi ƙarko. Abin da ya rage bai wuce kilowat-awa 1.2 ba. Idan kwamfuresa na aiki babu tsayawa, cikin awa biyu da 'yan mintuna batir ya ƙare, tare da fitilar da ke sanar da sauran jirage cewa akwai jirgi a nan cikin duhu, da rediyon neman agaji, da famfon da ke kwashe ruwan da ya shigo ciki.

A nan ne mai talla zai kawo zancen batirin litiyom da sababbin na'urori masu aiki da bolt 12 kai tsaye. A yi masa adalci, an samu ci gaba. Batiran litiyom masu amfiya-awa 400 suna riƙe kimanin kilowat-awa 5, kuma za su iya kai na'ura mai tsimin wuta har asuba. Tambayar da ake tsallakewa ita ce me zai sake cika su kafin dare na gaba. Faifan sola mai wat 100 yana samar da wat-awa 400 zuwa 500 a yini mai kyakkyawar rana. Ko da kwamfuresa rabin dare kawai ya yi yana aiki, an sha kilowat-awa 2, wato aikin faifai huɗu ko biyar, masu cin fili kusan murabba'in mita biyu da rabi, a kan jirgin da faɗinsa bai kai mita 3 ba, wanda kuma jigo da igiyoyi da filafilai ke jefa wa inuwa duk yini. Idan aka ce injin jirgi zai yi cajin, to, sai an bar shi yana ruri awa uku ko fiye a kullum, yana ƙona dizal, yana kuma zuba zafinsa a cikin ɗakin da ake son sanyayawa, domin a ƙarƙashin matakalar ɗakin yake zaune.

Da lissafi ya ƙi, sai a koma ga ɗan ƙaramin janareta mai amfani da fetur, a ajiye shi a bayan jirgi, a kwanta. Wannan ita ce shawara mafi muni a cikin duk shawarwarin, kuma ita ce aka fi bayarwa da sakin fuska. Hayaƙin janareta yana ɗauke da iskar kabon monokzaid, wadda ba ta da wari ko launi, kuma tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar shaƙa. Iska kan kewayo ta bayan jirgi ta turo hayaƙin cikin ɗaki, ɗakin da aka riga aka toshe don kada sanyi ya fita. Hukumar tsaron gaɓar tekun Amurka ta daɗe tana gargaɗi a kan wannan iska a cikin jiragen shaƙatawa. Mai karatu a Nijeriya ba ya bukatar dogon bayani, domin ya sha jin labarin iyalan da suka kwana da janareta a zaure ko a baranda aka wayi gari babu mai motsi. Ga kuma tururin fetur, wanda ya fi iska nauyi, yana gangarawa ya taru a ƙasan jirgi yana jiran tartsatsi.

Sai na'urar da aka ƙera musamman don jiragen ruwa, irin wadda kamfanoni kamar Dometic da Webasto ke yi. Ita kam tana aiki sosai, domin da ruwan teku take zubar da zafi. Amma kafin ta yi aiki sai an huda jikin jirgi a ƙasan ruwa, an sa bawul da mataci da famfo da tiyo. Ciyawar teku da ƙananan halittu masu manne wa bututu sukan toshe matacin, na'urar ta tsaya a tsakar dare. Mafi hatsari kuma, masu jirage da yawa kan bar ta a kunne su tafi gida, don ta hana ɗaki yin fumfuna. Ranar da tiyo ya kwance, famfon zai ci gaba da zuba teku a cikin jirgi babu mai gani. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya ƙara rami a jikin jirginsa ya ɗauki wajibin duba shi muddin jirgin na kan ruwa. Bayan haka na'urar da bututunta suna cinye ma'ajiya guda a ɗakin da ko wurin ajiye jaka sai an yi shawara, kuma har yanzu tana bukatar wutar gaɓa ko janareta.

Ragowar dabarun ba su cancanci dogon zance ba. Na'urar tsaye mai tayoyi da bututu ɗaya tana zuƙar iskar ɗaki ta fitar waje don sanyaya kanta, sai iska mai zafi da danshi ta shigo ta kowace kafa ta maye gurbi. Saboda wannan ne ma Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta fito da sabon ma'auni wanda ya nuna ƙarfin irin waɗannan na'urori bai kai abin da aka saba rubutawa a kwali ba. Akwatin ƙanƙara mai fanka kuwa wasan yara ne: kilo 10 na ƙanƙara idan ya narke kaf yana ɗauke zafi kimanin BTU 3,200, abin da na'urar taga ke yi cikin minti 40. Sai fankar da ke hura iska ta cikin jiƙaƙƙen ƙyalle, wadda ake tallata wa masu jirage da sunan ƙaramin iyakwandishan. Hikimarta ita ce ta randa, ita ce kuma ta tukunya cikin tukunya da Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ta ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Tana aiki ne inda iska ta bushe, kamar Kano a watan Maris. A teku iska ta riga ta ƙoshi da ruwa, don haka abin da na'urar za ta ƙara wa ɗaki shi ne laima, alhali laima ce rabin matsalar. Na'urar farko da Willis Carrier ya ƙera a 1902, don wata maɗaba'a a Burukilin, danshi aka yi ta ta rage.

Abin da ke aiki an san shi tun kafin a haifi masu tallar. Joshua Slocum ya zaga duniya shi kaɗai tsakanin 1895 da 1898 a jirgi mai kimanin mita 11, ya ratsa yankunan zafi babu ko batir. Matakin farko shi ne hana zafi shiga: rumfar farin zane da aka ɗaura a kan rufin ɗaki, aka bar tazara iska na ratsawa, tana tare rana kafin ta taɓa faibagilas, kuma ba ta cin wat ko ɗaya. Na biyu shi ne barin jirgi ya yi abin da aka ƙera shi ya yi. Jirgin da ya jefa anka a fili, inda igiyar ruwa ba ta da ƙarfi, yakan juya goshinsa ya fuskanci iska, sai a buɗe tagar saman goshi a ɗaura mata mazurarin zane mai kamo iska, ta bi ta tsawon ɗakin ta fita ta ƙofar baya. Don lokacin ruwan sama akwai hurjin iska irin na Dorade, wanda ya samo sunansa daga jirgin da Olin Stephens ya zana a 1929, mai shigar da iska ya tare ruwa. Na uku ita ce fanka. Ƙaramar fankar jirgi mai bolt 12 ba ta jan rabin amfiya, wato amfiya-awa 4 a dare guda, a inda iyakwandishan ke neman fiye da 160. Gidan sauro mai ƙananan idanu a kan tagogi ya cika sharaɗin.

Akwai hujja guda mai nauyi a ɗaya ɓangaren, kuma ba daidai ba ne a yi mata ba'a. Mutane da yawa jirginsu shi ne gidansu, a ɗaure yake a tashar ƙananan jirage inda gine-gine da sauran jirage suka tare iska, kuma jirgin da aka ɗaure ba ya iya juyawa ya neme ta. A watan Agusta a Fulorida, ga tsoho mai ciwon zuciya ko jariri, zafin irin wannan ɗaki hatsari ne ga lafiya. Wannan mutum ya sa iyakwandishan, babu mai ganin laifinsa. Amma abin da ya dace da shi ita ce mafi sauƙi: na'urar taga mai BTU 5,000, ko wadda ake ɗorawa a kan tagar sama, a jone da wutar gaɓa, a cire ta a bar ta a tudu ranar da za a fita teku. Sharuɗɗanta biyu ne. Kada ta toshe hanyar fita ɗaya tilo, domin idan gobara ta tashi a ƙaramin jirgi daƙiƙu ne ke raba tsira da halaka. A kuma riƙa duba filogin wayar gaɓa, domin gishirin teku na cin ƙarfensa, kuma filogi mai tsatsa da ke ɗauke da nauyin kwamfuresa dare da rana yakan yi zafi har ya kama da wuta.

Saboda haka duk mai ƙaramin jirgi da aka kawo wa tallar sanyi a tsakiyar teku ya nemi mai tallar ya rubuta masa lambobi uku a takarda: amfiya nawa na'urar ke ja, awa nawa batirinsa zai ɗauka, da kuma abin da zai sake cika batirin gobe. Idan amsar ta uku janaretan fetur ce a bayan jirgi, ya mayar da kuɗinsa aljihu, ya sayi rumfa da fanka biyu da na'urar ƙararrawa mai gano kabon monokzaid, ya kuma koyi jefa anka inda iska ke kaɗawa.